Yini Guda a Badagiri Tare da Kawuna

Shekarata goma sha ɗaya ina zaune a Agege, amma ban taɓa taka ƙafata Badagiri ba sai a watan da ya gabata, alhali garin yana cikin Jihar Legas ɗin nan da muke neman abinci a cikinta. A wurin yawancin Hausawan Ikko, sunan Badagiri ba ya tuna musu komai sai hanyar Seme da ke kan iyakar Jamhuriyar Benin, da shinkafar waje, da dilolin gwanjo, da kwakwa mai araha. Ni ma haka na ɗauke shi, har ranar da wata yarinya a ajin da nake koyarwa ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko akwai Hausawa a cikin bayin da aka kwashe aka tsallaka teku da su. Na ce mata wannan abu ya fi shafar mutanen bakin ruwa, ta yi shiru ta zauna. Ni kuwa amsar ta kwana tana cizona, domin na san na faɗe ta ne don in rufe bakin yarinya, ba don na bincika ba. Na yi makonni ina karance-karance, daga bisani na ga cewa gani ya kori ji, na sa ranar Asabar.

Da na gaya wa kawuna, wanda ya haura shekara arba'in yana sayar da goro a Agege, sai ya ce zai bi ni, wai akwai wani mai tebur a can da ya riƙe masa kuɗin huhu biyu tun kafin azumi. Ya ƙara da cewa bai ga abin da zai kai mai hankali kallon inda aka azabtar da bayin Allah ba, har ya biya kuɗin shiga. Muka fita bayan sallar asuba, muka bi ta Oshodi zuwa Mile 2, inda muka shiga danfo, wato motar haya, mai zuwa Badagiri. Hanyar ba ta wuce kilomita 60 da 'yan kai ba, amma ta ci mana kusan awa uku. Mun wuce Alaba Rago, inda warin raguna da hayaniyar 'yan uwanmu suka sa kawu ya leƙa ta taga yana neman wanda ya sani, daga Agbara kuma shingayen bincike suka fara yawa, kowane da nasa tambayar, kowane direba ya san amsarta tun kafin a yi ta.

Duk wuraren tarihin garin suna kusa da juna a titin bakin ruwa, kuma da zarar baƙo ya sauka samari masu rakiya za su kewaye shi. Wanda muka ɗauka Ba'egune ne, wato ɗan ƙabilar Ogu, waɗanda su ne asalin mutanen garin, kuma ya gaishe mu da Hausa mai daɗin ji, ya ce a Jihar Kebbi ya yi bautar ƙasa. Kawu ya dube shi ya ce, “To, ɗana, kai ka je Arewa ka yi bauta ka dawo gida lafiya, yanzu sai ka nuna mana waɗanda suka tafi ba su dawo ba.” Saurayin ya yi dariya, ya ce, “Baba, bismilla.”

Ya fara kai mu wani farin bene da mishan suka kammala a 1845, wanda aka rubuta a jikinsa cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Nan take kawu ya ƙi yarda. Ya ce kafin a haifi kakan wanda ya gina wannan, akwai soraye masu hawa a Kano da Katsina, kuma ni ma na goyi bayansa, domin Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, da ya shiga Kano a 1824 ya bayyana gidajen ƙasa masu matakala da ɗakunan sama. Da an ce bene na farko irin ginin Turawa, da ba mu yi musu ba. Abin da ya fi jan hankalina a gidan shi ne ɗakin da aka ce Samuel Ajayi Crowther ya zauna yana aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci. Shi kansa bawa ne da aka kama yana yaro a garin Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku, ya zama bishop a 1864, kuma maharan da suka kama shi Musulmi ne, Yarbawan Oyo da Fulani. Mai rakiya bai faɗi wannan ba, wataƙila don ganin hulunan da ke kanmu. Mun kuma tsaya ɗan lokaci a gurbin itacen Agiya, inda aka fara wa'azin Kirista a 1842, itacen da guguwa ta kayar a 1959.

Daga nan muka shiga ɗan ƙaramin ɗakin adana kayan tarihi na gidan Mobee, zuriyar wani basarake da ya yi cinikin bayi. Ɗakin bai fi shagon tela girma ba, ƙarafa ne rataye a bango da zube a ƙasa, duk sun yi baƙi saboda tsufa. Mai rakiya ya ɗauko wata sarƙar wuya ya ce in gwada. Da ya ɗora mini ita, sanyin ƙarfen ne ya fara ratsa ni, sannan nauyinta ya danne mini kafaɗu har na sunkuya ba da niyya ba, kuma ban cika minti guda ba na ce ya cire. Ya nuna mana sasari da ake jera mutane a ciki, da wani ƙarfe mai kama da kwaɗo da ake huda leɓɓan bawa a datse masa baki, da wata babbar tasar ƙarfe da ake zuba ruwa a ciki, bayi su durƙusa su sha hannayensu a ɗaure kamar dabbobi a kwarami. Can a gefe akwai wani ɗan mari wanda zobensa bai fi in zura yatsuna uku ba, na ƙafar yaro ne. Kawu ya ɗauke shi, ya juya shi a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da ni a hankali, “Wannan ai mari ne irin namu. Na ga irinsa a ƙafar kangararrun yara a makarantar mari, kuma maƙerin unguwarmu ne yake ƙera su.” Tun daga lokacin bai sake maganar kuɗin shiga ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne gidan Seriki Williams Abass, kuma sunan kaɗai ya isa ya tsayar da Bahaushe, domin Seriki ɗin nan sarki ne na harshenmu da Yarbawa suka ara. Mutumin Bayarabe ne daga Joga-Orile, an kama shi bawa yana ƙarami, ya shiga hannun wani Musulmi ɗan kasuwa mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani mai suna Williams wanda ya tafi da shi Barazil, inda ya koyi karatu da harsunan Turawa. Da ya dawo sai ya shiga sana'ar da aka yi da shi, ya yi dukiya, ya zama Sarkin Musulmin Badagiri, Turawan mulkin mallaka kuma suka ɗora shi a kan harkokin mulkin yankin har ya rasu a 1919. Sunayen iyayen gijinsa biyu su ne ya riƙe har kabari, kabarin kuma yana nan cikin gidan.

Gidan tsakar gida ce mai faɗi da ɗakuna arba'in kewaye da ita. An keɓe kaɗan don masu ziyara, sauran kuwa jikokinsa ne ke zaune a ciki, saboda haka mai kallo zai ga shanya a igiya, da tukunya a kan murhu, da yara suna guje-guje a ƙofar ɗakunan da aka tsare mutane. Mun shiga ɗaya daga ciki. Na auna shi da takuna, uku ne ta kowane gefe, tagarsa kuma wata 'yar kafa ce can kusa da rufi. Mai rakiya ya ce mutum arba'in ake cusawa a nan, wani lokaci su yi watanni suna jiran jirgi. Mu uku ne kacal a ciki, amma da ya tura ƙofa ya rufe, zufa ta karyo mini nan da nan, na ji numfashin kawu a bayan wuyana. Bayan mun fito ya nuna mana kayan da ake musaya da mutane: kwanukan tangaran, da kwalaben barasa, da igwa, da wata tsohuwar laima mai nauyi wadda ya ce mutum arba'in aka bayar aka karɓe ta. Irin wannan lissafi na masu rakiya ne, daga baki zuwa baki yake tafiya, amma ko da mutum guda aka bayar, laimar tana nan an adana ta fiye da shekara ɗari, wanda aka bayar kuwa babu mai iya faɗin sunansa. Kawu ya tsaya a gaban rigunan marigayin da aka rataye, manyan riguna masu aiki irin na sarakunanmu, ya ce, “Yanzu wannan da alwala yake shiga ya ƙirga su?” Babu wanda ya amsa masa.

A hanyarmu ta zuwa bakin ruwa muka ratsa ta Vlekete, tsohuwar kasuwar bayi da ke da wurin tsafi a gefenta. A nan ne labarin ya fara haɗuwa da Sakkwato. Daga Badagiri Kilafaton ya kama hanya a watan Disamba na 1825 don komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda suka riga suka tattauna da shi kan hana kai bayi gaɓar teku. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya dawo Badagiri shi kaɗai cikin Turawan ayarin, 'yan kasuwar Fotugal suka zarge shi da leƙen asiri, aka tilasta masa shan gwaji mai dafi, ya sha ya je ya amayar ya tsira. Mai rakiya ya ba da wannan labari da armashi, amma bai san tafintan tafiyar ba, wanda shi ne na fi so a sani. Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa suna kiransa Pasko. An kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin Fotugal, jirgin yaƙin Ingila ya tare su ya 'yanta shi, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya bi ta wannan gari ya koma ƙasar Hausa yana yi wa Bature tafinta. Amsar tambayar ɗalibata ke nan, tana tafiya da ƙafafunta a kan titin da muke tsaye.

Kwale-kwale mai inji ne ya tsallaka da mu ruwan da ya raba gari da tsibirin Gberefu, tafiyar 'yan mintoci. Kawu, wanda bai yarda da ruwan da ya wuce gwiwa ba, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu yana salati har muka sauka. Daga nan sai tafiyar ƙasa ta kusan rabin awa a cikin rairayi, tsakanin itatuwan kwakwa, rana tana dukan tsakiyar kai. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da aka kewaye, wadda aka ce ana tilasta wa kowane bawa ya sha ruwanta, domin an yi mata asirin da ke sa mutum ya manta garinsu da hanyar da aka biyo da shi. Na leƙa, ruwan ya yi kore, ganyaye suna yawo a kansa. Mutanen tsibirin, in ji mai rakiya, ba sa sha har yau. Ni dai abin da na sani shi ne, in har an yi asirin, to bai ci namu ba, kuma shaidar tana can ƙetaren teku.

A jihar Bahiya ta Barazil, inda jiragen wannan gaɓa suka fi sauke kayansu, Hausawa sun yi yawa a farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadin da ya fara a 1804 suka cika kasuwanni da kamammu daga kowane ɓangare. Wasu sun fara zama bayi a ƙasar Oyo suna kiwon dawaki da wanzanci da tufkar igiya, kafin a gangaro da su tashoshin Badagiri da Ikko da Porto Novo da Wida. A Bahiya an kama Hausawa suna shirin tawaye a 1807, sun tayar a 1809, sun sake tayarwa a 1814. A daren 24 ga Janairu na 1835, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, ɗaruruwan bayi da 'yantattu Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin Salvador sanye da fararen riguna. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, kuma a jikin gawawwaki da gidajen da aka bincika an sami layu, da alluna, da takardu masu ayoyin Alƙur'ani da rubutun hannu irin na makarantun allo. Barazil ba ta rufe shigo da bayi da gaske ba sai a 1850, ba ta soke bautar kanta ba sai a 1888.

Duk wannan na gaya wa kawu ne muna tsaye a ƙarshen hanya, a wurin da ake kira inda ba a dawowa. Babu wani abin kallo a wurin in ban da ginin tunawa da rairayi da teku, amma tekun nan ba irin ruwan da muka tsallako ba ne, igiyarsa tana tasowa kamar katanga ta faɗi da ƙara har ƙasa ta girgiza. Manyan jirage ba sa iya matsowa, sai dai a zuba mutane a kwale-kwale a ratsa wannan igiya da su a ɗaure. Na yi tunanin mutumin Gobir ko na Zazzau wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba. Kawu ya tambayi mai rakiya ta ina Barazil take, saurayin ya nuna kudu maso yamma. Kawu ya cire takalmansa, ya fuskanci wajen, ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, muka shafa tare, har da mai rakiyar, wanda Kirista ne.

Da muka dawo gari la'asar ta yi, muna neman masallaci sai muka ji kiɗa da ƙarar ƙarfe daga wata unguwa, mutane suna ta dafifi. Mai rakiya ya ce mun yi sa'a, Zangbeto ne suka fito saboda bikin wata tsohuwa da ta rasu. Zangbeto dodon Egunawa ne, ma'anar sunan mai gadin dare, kuma tun kafin a san ɗan sanda su ne ke sintiri a gari, su kama ɓarawo, su hana yawon dare. Ana samun su har Jamhuriyar Benin da Togo. Siffarsa kamar jinkar ɗaki ce da aka sauke ƙasa, tulin zaren rama ko kaba mai launi-launi tun daga sama har ƙasa, babu hannu babu ƙafa babu fuska. Yana tafiya kamar ana jan shi a kan ruwa, sai ya tsaya cak, sai ya kama juyawa kamar katantanwa har zaren ya buɗe ya tashi ƙura, wata murya mai kama da busar ƙaho tana fitowa daga cikinsa. Ana cikin haka masu kula da shi suka kama shi suka kifar a gaban jama'a don a ga cikinsa. Ina tsaye bai fi taku goma ba, kuma abin da na gani shi ne rami fayau, sai wata 'yar ƙwarya a ƙasa. Suka mayar da shi, suka buga ƙarfe, ya girgiza ya ci gaba da juyawa. Egunawa sun ce babu mutum a ciki, ruhin dare ne. Ni malamin makaranta ne, na tabbata akwai dabara, amma idona bai kama ta ba, kuma na lura cewa yaran unguwar da ke dariya da mu ɗazu duk sun nutsu.

Kawu ya juya baya tun farko yana ta'awwuzi, ya ce shi ba zai kalli shirka ba, amma sau biyu na kama shi yana waiwaye. Daga baya ya ce abin ya tuna masa da 'yan bori da ya gani yana yaro, waɗanda ake hana su kallo su kuma su hau katanga. Mai rakiya ya so ya kai mu mu ga gangar Sato, dogayen ganguna biyu, mace da namiji, da suka fi mutum tsawo har sai makaɗa sun yi tsalle suke dukansu. Ya ce a al'adarsu maraya ne kaɗai ke kaɗa ta, wanda ya rasa mahaifi ɗaya da hannu ɗaya, wanda ya rasa duka biyu da hannu biyu. Lokaci bai bar mu ba, mun dai ga mutum-mutumin makaɗinta a shataletalen shiga gari.

Mai teburin da kawu ya zo nema ba mu same shi ba, an ce ya tsallaka Seme tun safe, kawu kuma bai nuna ya damu ba. A cikin motar dawowa, bayan mun wuce Agbara duhu ya fara, na ce masa abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda sarakunan bakin teku suka sayar da mutane saboda laima da barasa. Ya ce, “Kai yaro, laifi tudu ne. Kasuwar Kurmi fa, me ake sayarwa a wani sashenta kafin zuwan Turawa?” Na yi shiru, domin na san cewa a Arewa sai a 1936 doka ta kammala soke bauta, lokacin da mahaifinsa ya riga ya yi wayo. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba a gidanmu. Ya ce kakansa yana da rinji, kuma shi kansa ya tashi ya tarar da wata tsohuwa a gidan, mai wasu tsage a fuska da ba irin na kowa ba a garin, ana kiranta Alheri. Ita ta goye shi, ita ke ɓoye masa ƙanzo, kuma idan tana daka ita kaɗai takan yi wata waƙa da wani harshe da babu mai ji. An ce tana 'yar shekara bakwai aka kawo ta daga kudancin Bauci, an musanya ta da doki ita da wasu biyu.

Na tambaye shi sunanta na yanka, wanda iyayenta suka raɗa mata. Ya daɗe yana kallon fitilun motocin da ke tahowa, sannan ya ce bai taɓa jin wanda ya tambaye ta ba. Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙo mini rabi, kwandasta kuma ya fara kiran masu sauka a Mile 2.